Wa Ya Ce Ɗan Tudun Wada Baƙo Ne a Zariya?

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, ku saurara. Duk wanda ya fito daga Ƙofar Doka ya ratsa Tudun Wada, ya ƙetare Kubanni ya shiga Sabon Gari, zai ga gari ɗaya ne aka yanka shi gida huɗu. To, wa ya yanka shi?

Turawa ne. Sun kama Zariya a 1902, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Sai suka ce Bazazzagi ya zauna cikin ganuwa ƙarƙashin Sarki da alƙali. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu aka yi musu Sabon Gari kusa da tasha. Mutanen Arewa waɗanda ba 'yan birni ba, Kanawa da Katsinawa da Nufawa da Barebari, aka ajiye su Tudun Wada. Su kuwa Turawa suka keɓe tasu unguwa, dokar Lugga ta ce a bar fili yadi 440 tsakaninsu da baƙar fata, wai don sauro. Dabarar ita ce kada talakan wannan unguwa ya ji kukan talakan waccan.

Bature ya tafi tun 1960, amma manyanmu sun riƙe dabarar. Yaro an haifi kakansa a Tudun Wada, uwarsa tana biyan kuɗin rumfa a kasuwa kullum, amma ranar da zai nemi makaranta ko aikin gwamnati sai a ce ya kawo takardar shaidar asali, a tura shi wani ƙauye da bai taɓa kwana ciki ba. Wajen karɓar haraji shi ɗan gari ne, wajen rabo kuwa baƙo. Wannan zalunci ne tsagwaro.

Ku tuna Hajiya Gambo Sawaba. Ubanta mutumin Gana ne, uwarta Banufiya, a Sabon Gari ta zauna. Ta shiga NEPU, ta sha duka da ɗauri saboda mata da talakawan Arewa. Ta rasu a 2001. Yau ga sunanta a asibitin Ƙofar Gayan. Da yanzu take yarinya, wace takarda za a ba ta?

In zaɓe ya matso, za su zo su ce muku 'yan birni sun danne ku, su koma birni su ce baƙi za su ƙwace gari. Ƙarya ce. In famfo ya ƙafe, mai ruwa ba ya tambayar asalinka kafin ya tsawwala kuɗin jarka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo kasuwar Tudun Wada ko ta Sabon Gari neman ƙuri'a, ku tsayar da shi ku tambaye shi: ya yarda wanda aka haifa a Zariya, yake biyan haraji a Zariya, ɗan Zariya ne? In ya kama kame-kame, ku ci gaba da cinikinku.

Allah ya ba talaka sa'a, amin.