Ciwon Zuciya A Kagoro: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Masu dillancin kai marasa lafiya asibitocin ƙasashen waje sun sami sabon abin talla. Suna gaya wa 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal cewa yanzu ana sauya ƙyauren zuciya, wato bawul, ba tare da an tsaga ƙirji ba, wai saura kawai a tara kuɗin jirgi. Rabin maganar gaskiya ce, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya tsagwaronta cutar da talaka, musamman mutumin Kagoro ko Kafancan da ke gumi a Kudu yana aika kuɗin magani gida.

Gaskiyar da ke ciki ita ce, ran 16 ga Afrilu 2002 wani likita mai suna Alain Cribier ya yi wannan aiki karo na farko a birnin Rouen na ƙasar Faransa. Ana huda jijiyar jini a gindin cinya, a zura siririn bututu har zuciya, ɗauke da sabon ƙyaure da aka ɗinka da fatar zuciyar saniya ko ta alade a cikin ragar ƙarfe. In ya isa sai a buɗe shi a cikin tsohon ƙyauren, ya danne shi gefe ya kama aiki. Mutum kan koma gida bayan kwana biyu ko uku, alhali wanda aka tsaga wa ƙashin ƙirji sai ya yi makonni yana jinya. Amurka ta amince da aikin a 2011 domin waɗanda ba za su iya ɗaukar babban aiki ba, ta faɗaɗa shi a 2019. Babu mai hankalin da zai raina wannan ci gaba.

To, amma domin wa aka ƙirƙiro shi? Domin tsofaffi ne 'yan shekara 70 da 80, waɗanda ƙyauren babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciyarsu ya ƙeƙashe saboda tsufa. Wannan ƙeƙashewar ma ita ce ke riƙe sabon ƙyauren kada ya goce. Ciwon da ke cin yaran ƙasar Kagoro da sauran ƙauyukan Afirka kuwa daban ne, domin daga maƙogwaro yake farawa. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya kamu da ciwon maƙogwaro na wata ƙwayar cuta, ba a ba shi magani ba. Bayan mako biyu ko uku sai zazzaɓi da kumburin gaɓoɓi, saboda dakarun jikinsa sun rikice suna yaƙar namansa, har da ƙyauren da ke tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciya. Duk sanda ciwon ya dawo sai ƙyauren ya ƙara tabo, har ya tsuke ko ya riƙa yoyo. Daga nan sai haki da kumburin ƙafa. Mace kuwa sau da yawa sai ta ɗauki ciki sannan asirin ciwon ya tonu.

Wani bincike da aka yi kan majinyata fiye da 3,000 a ƙasashen Afirka 12, har da Nijeriya, tare da Indiya da Yaman, ya nuna rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kuma kashi biyu cikin uku mata ne. Irin waɗannan ba su ne aka yi wa aikin Cribier ba. Ƙyauren nama yakan lalace da wuri a jikin matashi, na ƙarfe kuma sai an buɗe ƙirji, sannan mutum ya dawwama kan maganin tsinka jini da gwaji a kai a kai. Ko da aikin ya dace, kuɗin ƙyauren kaɗai a Amurka ya kai dala 30,000. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024 sai ya haura shekara 40 yana tarawa, ba ci ba sha. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Abin haushi, akwai aikin da ba a tsaga ƙirji wanda ya dace da wannan ciwo, sai dai ba a jin tallarsa. Tun farkon shekarun 1980 likitan Japan Kanji Inoue ya ƙirƙiro wani balan-balan da ake zurawa ta jijiyar cinya, a hura shi cikin ƙyauren da ya tsuke har ya buɗe, ba a sauya komai ba. Ana yin sa har ga mai ciki. Shi ya kamata asibitocin koyarwa na Shika da Jos su riƙe hannu bibbiyu. Ƙasar da aka yi aikin buɗe zuciya a cikinta tun 1974, a asibitin koyarwa na Inugu inda Farfesa Fabian Udekwu yake, ba ta da hujjar cewa abin ya fi ƙarfinta. Abin da ya gagara shi ne kuɗi: a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi, gwamnatin tarayya kuwa ba ta taɓa cikawa ba.

Mafi arha duka shi ne penisilin. Allura ɗaya, ko ƙwayoyi na kwana 10, kan kashe cutar maƙogwaron kafin ta taɓa zuciya. Wanda ta riga ta taɓa kuma, allura duk bayan mako huɗu kan hana ta ci gaba. A Yuganda an gwada haka kan yara, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna ciwon ya ƙaru ga ƙasa da ɗaya cikin ɗari na masu karɓar allura, alhali ya ƙaru ga takwas cikin ɗari na waɗanda ba a yi musu ba. Duk da haka har gobe ana kai yaro wurin wanzami a cire masa belu, kumburin gwiwa kuma a ce sanyi ne. Da haka cutar ke kashe mutum fiye da 300,000 a duniya kowace shekara.

Kudancin Kaduna bai rasa tubali ba. Akwai kwalejin koyon aikin lafiya ta ECWA a Kagoro, akwai makarantar koyon jinya da ungozoma a Kafancan, kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta amince da kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafancan. Ma'aunin wannan cibiya shi ne ko za a sami na'urar ɗaukar hoton zuciya da wanda ya iya ta, da rajistar yaran da ke karɓar allura, da penisilin da ba ya yankewa a ƙananan asibitocin ƙaramar hukumar Kaura.

Ƙungiyoyin ci gaban gari da ke Agege da Sabon Badun sun saba da karo-karo in ɗan'uwa ya kwanta rai a hannun Allah. Ɗan kaɗan daga irin wannan kuɗi zai sayi allurar yara masu yawa ta shekara guda. In sun je gida bikin Afan ran 1 ga Janairu, ya kamata su zauna da sarakuna da shugabannin coci da na masallaci da 'yan majalisa, su tambayi wa ke duba maƙogwaron yaran firamare, kuma kada su koma Kudu sai sun ji amsa.