Ba a fafe gora ranar tafiya: Shirin da matafiyin Dakoro ke bukata kafin ya ƙetare iyaka

Fita waje ba baƙon abu ba ne ga mutanen Dakoro. Tun kaka da kakanni ake zuwa cin rani Najeriya, daga baya Libiya da Aljeriya suka shigo cikin lissafi. Abin da ke sabo shi ne yawan matasan da ke son fita don buɗe ido: wani Dubai yake hange, wani Umara, wani kuma yana son kai ziyara wurin yayansa da ke Abijan ko Faransa. Wannan buri ba laifi ba ne, domin tafiya mabuɗin ilimi ce. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka cewa da zarar kuɗin jirgi ya haɗu, an gama shiri. Mutum zai iya sayar da bijimi biyu a kasuwar dabbobi, ya yi sallama da gida, a dawo da shi daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai saboda takarda guda.

Shirin yana farawa ne daga takardar haihuwa. Fasfo ba ya samuwa sai da ita da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, kuma a ƙauyukan Kornaka, Birnin Lalle da rugagen arewacin Dakoro akwai mutane da yawa da ba a yi wa rajistar haihuwa ba. Irin waɗannan sai sun bi ta kotu an ba su hukuncin da ke maye gurbin takardar, kuma wannan ba aikin kwana biyu ba ne. Bayan haka a duba rubutun suna harafi bayan harafi. Idan katin ɗan ƙasa ya ce Mahamadou, fasfo ya ce Mahamane, tikiti kuma ya ce Mohamed, ma'aikacin filin jirgi mutum uku yake gani a gabansa.

Wanda ke da fasfo a hannu ya buɗe shi ya duba ranar ƙarewarsa. Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kamar ƙasashe da dama, suna neman ya kasance da sauran aƙalla wata 6. Akwai kuma sauyin da ya zo ranar 29 ga Janairun 2025, lokacin da ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata, aka kuma ƙaddamar da fasfon AES. An sanar cewa tsohon fasfo zai ci gaba da aiki har wa'adinsa ya cika, CEDEAO ma ta ce za ta ci gaba da karɓar 'yan waɗannan ƙasashe ba tare da biza ba har zuwa wani sabon mataki. Amma tsarin da aka ce "har zuwa wani lokaci" yana iya sauyawa. Mai hankali zai tambayi ofishin jakadancin ƙasar da zai je kafin ya biya kuɗin mota, musamman ganin yadda iyakar Gaya da Malanbil ta daɗe a rufe tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023.

Sai batun allura. Katin rigakafin zazzaɓin shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka wanda ya yi ta ana jibi tafiya bai tsira ba. Labari mai daɗi shi ne tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Mai zuwa Umara ko Hajji kuma yana bukatar ta sanƙarau. Akwai masu sayar da katin da aka buga wa hatimi ba tare da an yi allurar ba. Wanda ya saya, kansa ya cuta, domin sauro ba ya karanta hatimi.

A wajen biza ne dillalai suka fi cin kasuwa. Bizar ƙasashen Turai na yankin Shengen tana cin Yuro 90 tun Yunin 2024, wato kusan jaka 59 na sefa, kuma ko an hana mutum ba a mayar masa da kuɗinsa. Ana neman inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki, da shaidar cewa mutum yana da abin da zai dawo da shi gida. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai kuwa an rufe shi tun Janairun 2024. Don haka duk wanda ya ce yana da hanya, a kawo kuɗi da fasfo biza za ta fito cikin mako guda, a tambaye shi a wane ofishi, a wane gari. Jakadanci ne kaɗai ke ba da biza, ba mai shago ba.

Abin da ya fi kowanne haɗari shi ne a shiga da bizar ziyara da niyyar zama ko neman aiki. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin 100 ba su da izinin aikin Hajji. Yawancinsu sun yi doguwar tafiya cikin rana ba tanti, ba mota. A 2025 Saudiyya ta sa tarar da ta kai Riyal 20,000 ga wanda aka kama yana ƙoƙarin yin Hajji ba izini, da kora, da hana shiga ƙasar na shekara 10. Haka nan soke dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure da aka yi a Nuwamban 2023 bai buɗe ƙofar Aljeriya ba. Waɗanda aka kora ana sauke su ne a sahara, su taka kimanin kilomita 15 kafin su isa Assamaka.

Jakar kaya ma tana bukatar tunani. Ɗan Dakoro ba ya son zuwa wurin ɗan'uwa hannu rabbana, kuma tsarabar da ta fi zuwa a rai ita ce cuku da kilishi. To dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da abin da aka yi da madara, za a ƙwace a zubar. Goro haramtacce ne a shiga da shi Saudiyya. Tiramadol da ake saya a bakin titi yana iya kai mutum kurkuku a Masar ko Dubai, don haka mai shan magani ya riƙe takardar likita. Sannan babu kunya a ƙin karɓar saƙon da ba a buɗe a gaban mutum ba, ko daga hannun wa ya fito.

Game da kuɗi, sefar Nijar tana aiki a ƙasashe 8 na UEMOA, daga Dakar har Lome, amma ta Cadi da Kamaru daban ce ko da darajarsu ɗaya. Yuro guda sefa 655.957 ne, wannan ba ya motsi, saɓanin Naira da ya kamata a tambayi farashinta a ranar. Mai shiga Turai da Yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana wa jami'an duwan. A raba kuɗi gida biyu, a ɗauki hoton fasfo da biza a tura wa wani amintacce a gida, a rubuta lambar mai masauki a takarda don waya tana mutuwa.

Wani zai ce talaka ba ya bin dillali don yana so, nisa ne da wahalar layi ke tura shi. Gaskiya ne. Dakoro zuwa Maradi ya haura kilomita 100, Maradi zuwa Yamai ya haura 600, ga kuɗin mota, ga na kwana. Shi ya sa wani ɓangare na nauyin yake kan hukuma: a yawaita zaman kotun tafi-da-gidanka don ba da takardun haihuwa a ƙauyuka da rugage, a kusantar da aikin fasfo ga jama'a, a riƙa bayyana sharuɗɗan tafiya da Hausa, Fulatanci da Tamashek a gidajen rediyon karkara. 'Yan'uwan da ke zaune a waje su ma su daina ɓoye wa ƙannensu gaskiyar abin da ke can.

Kafin hakan ta samu, wanda ke son tafiya bayan girbi ya fara neman takardunsa tun damina. Wata uku na shiri ya fi sauƙi a kan asarar bijimi biyu.