Na'ura Ta Shigo Otal, Ina Horon Ma'aikaci?

Tun da aka mai da Maiduguri hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, sannan ta Jihar Borno a 1976, garin bai rabu da baƙi ba. A zamanin da otal ɗin Lake Chad da na Deribe suke tashe, abin da ake bukata ga akawun karɓar baƙi shi ne kyakkyawan rubutu, da iya lissafi, da sakin fuska. Littafin rajista ne gabansa, makullai kuma suna rataye a bayansa.

Yau al'amari ya sake. Baƙo yakan kama ɗaki ta intanet tun yana Abuja, ya biya ta waya ko ta na'urar POS, a wasu otal-otal ma a miƙa masa kati maimakon makulli. Rikicin da ya ɓarke a 2009 ya jawo ma'aikatan ƙungiyoyin agaji daga ƙasashe dabam-dabam, waɗanda ba su sauka inda babu intanet, da rasit na kwamfuta, da tsaro mai tsari. Saboda haka mai gadi sai ya san aikin kyamara, mai gyaran janareta sai ya san batir da faifan hasken rana, akawu kuwa sai ya iya kwamfuta.

To, amma Maiduguri ta koyi wani darasi wanda masu sayar da na'urori ba su faɗa. A watan Mayu na 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci, an katse layukan wayar salula na makonni da dama. A watan Janairu na 2021 'yan ta'adda suka rushe turakun da ke kawo lantarki daga Damaturu, garin ya daɗe cikin duhu, har aka kai ga gina tashar lantarki mai aiki da gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda Shugaba Buhari ya buɗe a 2023. A farkon shekarar ce kuma canjin takardun Naira ya sa tsabar kuɗi suka yi wuya.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya gwada ma'aikaci ta fuska dabam. Ranar da babu waya ko wuta, wanda ya iya littafi da alƙalami shi ne ke riƙe otal. Ranar da babu tsabar kuɗi, wanda ya iya tabbatar da cewa kuɗin da baƙo ya turo sun shiga asusu shi ne ke hana asara. Ashe ke nan sabon sani ba ya korar tsoho, ɗora shi ake yi a kai.

Inda gizo ke saƙar shi ne horo. Sau da yawa mai otal yakan kashe kuɗi mai yawa ya sayo na'ura, amma ya ga kyashin kashe kaɗan ya koya wa ma'aikatansa. Sai a ɗauko yaro ɗaya mai ilimin kwamfuta, a ture dattijon da ya shekara ashirin yana aikin, wanda ya san Kanuri da Larabcin Shuwa da Hausa, ya kuma san yadda ake tarbar babban baƙo. Ran da yaron ya sami aiki mafi tsoka, na'ura ta zama kayan ado, dattijo kuwa ya riga ya tafi. An yi ba a yi ba.

Hanyar gyara ba ɓoyayya ba ce. Tun 1971 Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horon Ma'aikata, wato ITF, akwai kuma cibiyar NIHOTOUR ta koyar da aikin otal, mai makaranta a Bagauda ta Jihar Kano. Ya kamata masu otal na Maiduguri su haɗa kai su riƙa tura ma'aikatansu, su kuma sa sharaɗi ga duk kamfanin da zai kafa musu na'ura cewa sai ya koya wa aƙalla mutum uku kafin a biya shi cikon kuɗinsa. Tsofaffin ma'aikata su ma kada su ce girma ya hana su zama gaban yaro su koya, gama gemu ba ya hana ilimi.

Baƙo dai ba don kwamfuta yake komawa otal ba, sai don yadda aka karɓe shi. Allah ya sa masu abin su gane.