SHARHI: Kamfani a Abuja, gidan haya a Bauchi: Ina kariyar doka ta tsaya?

Dokar kamfanoni ta CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Agustan 2020, ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani shi kaɗai. Hakan ya sauƙaƙa wa ma'aikacin tarayya da ke Abuja ya yi rajista a hukumar CAC, ya mallaka wa kamfanin gidan hayarsa na Bauchi, irin ɗakunan ɗalibai na Yelwa da Gwallameji.

Dalilin yin hakan a fili yake. A idon doka kamfani mutum ne mai cin gashin kansa, don haka idan gini ya rufta kan ɗan haya ko bashi ya taru, dukiyar kamfanin za a bi, albashin mai shi ya tsira. Rajistar kuwa ta tarayya ce, ba sai an sabunta ta a Bauchi ba.

Sai dai fili a hannun jiha yake. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin a sauya mallakar fili a birni. Muddin takardar shaidar mallaka na ɗauke da sunan ma'aikacin, gidan nasa ne, alhakin ma nasa ne.

A banki ne garkuwar ta fi saurin tsagewa. Idan wakili yana karɓar kuɗin haya yana tura su asusun albashin maigida, lauyan mai ƙara ya samu hujjar roƙon kotu ta ɗauki kamfanin da mai shi abu guda. Wanda ya tsaya wa kamfaninsa lamuni a kan rance kuwa, ya ajiye kariyar da hannunsa. Haka nan dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa kamfani karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 10 ba ta hanyar banki ba.

Babban tarnaƙin yana cikin kundin tsarin mulki na 1999, wanda ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, in ban da noma. Yana iya riƙe hannun jari, amma dole ya bayyana shi ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, kuma doka ta ce a sanar da CAC sunan duk mai kashi 5 cikin ɗari zuwa sama.

Saboda haka, wanda ke son kariyar ta yi aiki sai ya mayar da takardar fili sunan kamfani, ya ware asusunsa, ya yi wa ginin inshora, ya bar ragamar gudanarwa a hannun daraktan da ba ya aikin gwamnati.