Ra'ayinmu: Kada Mu Bar Sabon Malami Shi Kaɗai a Gaban Allo

A zangon karatun da ya wuce, wani matashin abokin aikinmu da bai cika wata huɗu da kama aiki ba ya ba mu labarin ranar da ya ce ba zai manta da ita ba. Yana koyar da lissafi a aji ɗaya na babbar sakandare. Ya rubuta x² = 5x a kan allo, ya raba kowane gefe da x, ya sami x = 5, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsar. Sai wata ɗaliba daga can bayan aji ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai ko sifili aka sa, lissafin yana daidaita." Da ya ga idanun yara kusan tamanin a kansa, sai ya ɗaure fuska, ya ce ta zauna, abin da ya rubuta shi ne amsa.

Yarinyar ce take da gaskiya. Sifili sau sifili sifili ne, biyar sau sifili ma sifili ne. Amsa biyu ce, 0 da 5. Rabawar da ya yi da x ita ta haɗiye ɗaya, domin ba a raba lamba da sifili, shi kuwa x ɗin yana iya zama sifilin.

Kuskure biyu ya yi a ranar, kuma na biyun ya fi nauyi. Na farko na alli ne, dasta tana share shi. Na biyu a zuciyar yarinya ya sauka, domin ya koya mata cewa tambaya rashin kunya ce. Ɗalibin da aka taɓa kunyatawa don ya faɗi gaskiya ba ya saurin sake ɗaga hannu, kuma ajin lissafin da ba a tambaya a cikinsa ya zama ajin kwafa kawai.

Abin da ya sa muke yaba wa wannan matashi shi ne abin da ya yi washegari. Ya kwana yana juya lissafin har ya gano inda ya kauce. Da safe ya shiga aji ya ce jiya ya yi kuskure, ya kira yarinyar gaban allo, suka mayar da tambayar x(x − 5) = 0, amsoshin biyu suka fito fili. Ya ce mana ya shiga da fargabar girmansa zai zube, amma tun daga ranar yaran suka fi sakin jiki da shi. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Sai dai tambayar da ta dame mu ita ce: don me ya kwana shi kaɗai da wannan damuwa? A makarantar babu wani malamin lissafi sai shi. Ba wanda ya taɓa duba shirin darasinsa da idon gyara, ba wanda ya taɓa zama a bayan ajinsa. Duk wanda ya bi ta kwalejin ilimi ya san cewa 'yan makonnin koyarwar gwaji ba sa isa su gasa malami. Takardar NCE da rajistar Hukumar TRCN izinin shiga aji suke bayarwa. Ƙwarewa kuwa a wurin na gaba ake samunta. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, amma mun san ajujuwan da suka ninka haka. Idan hanyar lissafi ta karkace a irin wannan aji, cikin littattafai tamanin take shiga, ta bi yaran har zauren jarrabawar WAEC da NECO, inda rashin kiredit a lissafi yake rufe ƙofar likitanci da injiniya da sauran fannonin kimiyya.

Mu ma malaman firamare muna da namu kason. Abokin namu ya ce babban kuskurensa a makonnin farko shi ne gudu don ya ƙare manhaja, yana zaton yaran sun zo da tushe. Da ya gwada su, da yawa suka ce rabi a tara da sulusi biyu bisa biyar ne, alhali biyar bisa shida ne. Wannan ramin ba a sakandare aka haƙa shi ba. Daga hannunmu suka fita da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ɗanyen kuwa a wurinmu yake.

Saboda haka muna kira ga shugabannin makarantu da su haɗa kowane sabon malami da wani gogagge a shekararsa ta farko, ko da daga makarantar da ke maƙwabtaka ne, ya riƙa duba shirin darasinsa, yana shiga ajinsa a matsayin ɗan'uwa, ba sufeto ba. Muna kira ga tsofaffin hannu da su daina mayar da tuntuɓen sabo abin dariya a ofishin malamai. Kowannenmu yana da ranar da alli ya ba shi kunya. Ga reshenmu kuma, muna ba da shawarar a ware sa'a ɗaya a kowane taro, malaman lissafi na firamare da na sakandare su zauna tare su ga inda igiyar take tsinkewa. Wannan ba ya bukatar jiran kasafin kuɗi.

Ku kuma sababbin malamai, ku warware kowace tambaya a gida kafin ku kai ta allo, ku gwada amsar ta hanyar mayar da ita cikin tambayar. In ɗalibi ya gyara muku, ku ce, "Mu duba tare." Iyaye kuma, idan yaro ya dawo gida ya ce malaminsu ya yi kuskure ya gyara, kada ku ce an kawo musu wanda bai iya ba. Wanda ya kamata ku ji tsoronsa shi ne malamin da a ajinsa ba a taɓa jin ɗalibi ya ce, "Malam, ban gane ba."