Motocin alfarma masu shan fetur da lantarki: Me za su tsinana a hanyar Kano zuwa Wudil?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ayyana ƙarshen tallafin man fetur, hirar masu mota ta koma kan yadda za a rage zuwa gidan mai. Litar da ake saya ƙasa da N200 ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa watan Oktoban 2024 ta tsallake N1,000. A irin wannan yanayi, ba abin mamaki ba ne idan idon mai hali ya kai kan wani rukuni na motocin alfarma masu gudun tsiya, ƙirar BMW da Porsche da Mercedes-AMG, waɗanda ke ɗauke da injin fetur tare da batirin da ake jona wa wuta kamar wayar hannu. Masu ƙera su na tallata su a matsayin motocin da suka haɗa gudu da ƙasaita da tausayin muhalli, kuma alƙaluman da aka rubuta wa wasunsu a takarda a 2024 na da jan hankali: ƙasa da lita biyu a tafiyar kilomita 100.

Alƙaluman ba ƙarya ba ne, amma suna tafe da sharaɗi. Hanyar Kano zuwa Wudil kuwa wuri ne mai kyau na auna ko sharaɗin zai cika a nan.

Da farko ya kamata a raba nau'i biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai motoci irin su Toyota Prius, wadda ta fito a 1997, masu ƙaramin batirin da ke cika kansa daga injin da kuma birki, ba ruwansu da soket. Akwai kuma waɗanda ake magana a kansu, masu babban batirin da sai an jona shi da wutar gida ko ta tashar caji, sannan ya ja motar na wasu kilomitoci ba tare da an ƙona ko ɗigon mai ba. Idan ya ƙare, injin fetur ya karɓi aiki. Wannan nau'i na biyu ba baƙo ba ne ga Arewa ta wata fuska: Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, shi ne ya zana siffar farko ta Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, motar da aka fara sayarwa a ƙarshen 2010, tana kuma cikin waɗanda suka buɗe wannan kasuwa. Daga baya ya shugabanci hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci a Najeriya daga 2017 zuwa 2023.

Sai dai Volt mota ce ta iyali da aka gina domin tsimin mai. Waɗanda suka biyo baya a rukunin alfarma wata manufa ce ta haife su. Sabuwar BMW M5 da aka gabatar a 2024 tana da inji mai silinda takwas da jimillar ƙarfin doki 727, batirinta na ɗaukar yunit 18.6 na lantarki, kuma a gwajin Turai yana kai ta kilomita 67 zuwa 69. Porsche Panamera Turbo S E-Hybrid na da ƙarfin doki 782 da batiri mai yunit 25.9. Ita kuwa Mercedes-AMG GT 63 S E Performance, da ƙarfin dokinta 843, batirinta yunit 6.1 ne kacal, ba ya wuce kilomita 12 ko 13. Kamfanin ma bai ɓoye ba cewa aikin wannan batiri shi ne ƙara wa motar zafin tashi.

Me ya sa kamfanonin da suka yi suna da rurin inji suka rungumi batiri? Amsar tana cikin dokar Tarayyar Turai. An ƙayyade matsakaicin hayaƙin kabon da motocin kowane kamfani za su fitar, wanda daga 2025 ya koma kusan giram 94 a kowace kilomita, kuma duk giram ɗaya da aka haura, tarar Yuro 95 ce a kan kowace motar da aka sayar. Mota mai silinda takwas ita kaɗai tana ninka wannan iyaka fiye da sau biyu. Amma da aka saka mata batiri, tsarin gwajin da ake amfani da shi a 2024 ya ɗauka cewa yawancin tafiyarta da lantarki za ta yi, sai aka rubuta wa M5 ƙasa da giram 40. Ta haka kamfani ya tsira daga tara, mai saye ya samu sassaucin haraji a ƙasashe da dama, injin kuma yana nan daram.

Turawan da kansu sun gano inda gizo ke saƙa. A watan Maris na 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto daga na'urorin auna shan mai da ke jikin motocin da aka yi wa rajista a 2021. Ya nuna cewa irin waɗannan motoci na fitar da hayaƙi ninki uku da rabi na abin da aka rubuta musu, wato kusan giram 140 a madadin 40. Dalili kuwa mai sauƙi ne, masu su ba sa jona su da wuta yadda aka zata. Binciken cibiyar ICCT na 2022 ya gano cewa motocin da kamfanoni ke bai wa ma'aikatansu, inda ofis ke biyan kuɗin mai, kashi 11 zuwa 15 cikin ɗari kawai na tafiyarsu suke yi da lantarki. Wannan fa a ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa ke nan. Duk wanda ya san yadda ake mu'amala da motar ofis da takardar shan mai a ma'aikatunmu zai iya hasashen sauran labarin.

Tsakanin Kano da Sabon Garin Wudil

Wudil na da nisan kilomita 40 da 'yan kai daga birnin Kano a kan babban titin Maiduguri. Gari ne da ba ya rabo da zirga-zirga: ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, ga Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda, ga kasuwar shanu ta ranar Juma'a da ke tara fatake daga jihohi da ƙasashe maƙwabta. Malamai da ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa a Kano suke kwana, su yi sammako zuwa Wudil, su koma da yamma. A ka'ida, irin wannan tafiya ce aka ƙirƙiri motar dominta: gajera, ta kullum, mai tabbataccen nisa.

To amma zuwa da dawowa ya haura kilomita 80. Batirin M5 ba zai rufe wannan ba ko a kan takarda, balle an kunna na'urar sanyi a zafin watan Afrilu ana kuma taka mota yadda ake taka ta a wannan titi. Panamera za ta iya kusantowa. Mercedes-AMG ɗin da ta tashi daga tsakiyar birni ba za ta yi nisa da Mariri ba injinta zai farka. Ke nan wanda ya sauka a Sabon Garin Wudil da safe yana buƙatar wurin da zai jona motarsa kafin la'asar, idan har yana son alƙawarin da aka yi masa ya cika.

A nan lissafi ke shiga. Tun Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, daga N68 zuwa N225 a kan yunit, kafin ya daidaita a kusan N209. A wannan farashi, cika batirin M5 bai wuce N4,500 ba har da abin da ke salwanta wajen caji. Tafiyar kilomita 60 da fetur kuwa za ta ci fiye da lita shida, domin BMW da kansa ya rubuta cewa idan batiri ya ƙare motar na shan lita 10 da ɗoriya a kilomita 100. Akwai rangwame, babu musu, ga wanda ke kan layin da KEDCO ke bai wa wuta yadda aka alƙawarta. Soket ɗin gida na buƙatar kusan dare guda cur kafin ya cika batirin, caja mai sauri kuma na jan abin da na'urorin sanyaya ɗaki biyar ko shida ke ja a lokaci ɗaya, nauyin da ba kowace taransifoma ta unguwa ke ɗauka ba.

Idan wuta ta ɗauke fa? Mutanen Kano ba su manta da ƙarshen Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta jefa jihohi cikin duhu na fiye da mako guda. Mafita ta farko da za ta zo wa mai hali ita ce janareta, kuma a nan ne zancen kare muhalli ke rushewa gaba ɗaya. Ƙaramin janareta na fetur da wuya ya fitar da fiye da yunit biyu daga lita ɗaya. Cika batiri mai yunit 20 zai ci kusan lita 10, domin tafiyar da ba ta kai kilomita 70 ba, alhali da an zuba litocin nan a tankin motar kai-tsaye da sun kai ta kusan 100. An ƙona mai fiye da ƙima, an cika tsakar gida da hayaƙi da ƙara, sannan a fito titi shiru kamar ba a yi komai ba.

Wanda kuma ya haƙura da cajin, abin da ya rage masa shi ne dakon kaya. Sabuwar M5 ta haura tan 2.4, wato ta fi wadda ta gada nauyi da kusan kilo 500, kuma kaso mai yawa na wannan ƙari batiri ne da kayan haɗinsa. Kamar mutum ne ya ɗora buhun masara biyar a bayan mota ya yi ta yawo da su shekara da shekaru. Nauyin yana cin taya, yana wahalar da ƙafafun mota a ramuka, ga shi kuma cikinta kusa yake da ƙasa, inda batirin yake kwance.

Hanya ɗaya da lissafin zai fita tsaf ita ce hasken rana, wanda Allah Ya hore wa Kano. Faranti goma masu ƙarfin wat 500 za su iya tara yunit 20 a yini mai kyau. Sai dai rana da rana take aiki, lokacin da motar ke ajiye a wurin aiki ba a gida ba. Saboda haka wurin da ya dace da tashar caji shi ne harabar jami'a a Wudil ko farfajiyar Sakatariyar Audu Baƙo, kamar yadda NADDC ta gwada a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a 2021.

Wa zai ci moriyar sassaucin?

Mai karatu zai iya cewa wannan matsalar attajirai ce, kuma da gaskiyarsa. Farashin M5 a Amurka ya kai kusan Dala 120,000, wato wajen Naira miliyan 180 idan Dala na N1,500, kafin kuɗin jirgi da na kwastam. Ma'aikacin Jihar Kano da ke kan mafi ƙarancin albashi na N71,000 sai ya yi fiye da shekara 200 yana tarawa bai taɓa ko sisi ba.

Amma abin ya shafi talaka ta ƙofar baitulmali. A watan Oktoban 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da cire harajin VAT a kan motocin lantarki da kayan iskar gas ta CNG. Manufar mai kyau ce, sai dai duk inda aka buɗe ƙofar sassauci, masu ƙarfi ne ke fara shiga. Idan ba a fayyace a rubuce wace mota ce ta cancanta ba, wata rana za a wayi gari an yafe wa mota mai silinda takwas miliyoyin Naira da sunan muhalli, ko kuma a ga irinta a kasafin motocin manyan jami'ai da wannan hujja. 'Yan Najeriya sun ga yadda Majalisar Tarayya ta kare sayen manyan motoci ga mambobinta a 2023, ana tsakiyar raɗaɗin cire tallafi. Kuɗin mota ɗaya irin wannan zai sayi A Daidaita Sahu masu lantarki da dama, kuma su ne ke yini a titi suna ƙona mai daga asuba zuwa dare, su ne kuma kuɗin hawansu ke cin albashin ma'aikaci da ribar ɗan tireda. Jihar Borno, wadda ta sa motocin haya masu lantarki a titunan Maiduguri tun ƙarshen 2023, ta fi kusa da inda buƙatar take.

Ƙofa ta biyu ita ce kasuwar motocin hannu. Abin da Turai ta hau yau, shi ke sauka a Kwatano da Legas bayan shekara takwas ko goma, daidai lokacin da garantin batiri, wanda yawanci ba ya wuce shekara takwas, ya ƙare. A lokacin farashin zai sauko inda babban ɗan kasuwar Kantin Kwari ko darakta a ma'aikata zai iya miƙa hannu. Zai karɓi mota mai tsari biyu, kowanne da irin lalacewarsa, da batirin da ya tsufa kuma zafin Arewa zai ƙara gajiyar da shi. Makanikan Ƙofar Ruwa gwanaye ne a kan inji, amma wayoyin da ke ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 400 ba a koyonsu da lalube, kuskure ɗaya na iya ɗaukar rai. Tsangayar injiniya ta jami'ar Wudil na da aikin yi a nan tun kafin motocin su iso.

Ga wanda burinsa tsimin mai ne kawai, nau'in farko da ba ya buƙatar soket, irin su Corolla da Camry masu haɗin batiri, ya fi dacewa da halin da wutar Kano ke ciki. Wanda kuma zuciyarsa ta nace sai mai jonawa, kafin ya tambayi gudunta ko shekararta, ya fara duba awa nawa mitarsa ke samun wuta a rana, sannan ya sa a jona na'urar gwaji a gabansa ya ga kashi nawa ya rage na lafiyar batirin.