Abin da Duhu Ke Ɓoyewa a Fagen Dambe

Duk wanda ya bi hotunan damben gargajiya da ke yawo a intanet zai lura da abu guda: kusan dukkansu kama ɗaya suke yi. Ga hannu naɗe da zare, ga layu a damtse, ga fuska ta kumbura tana zubar jini. Abin da ba a cika gani ba shi ne damben kansa, wato tsayuwa, da auna abokin karawa, da kauce wa naushi, da lokacin da mashi ya sami hanya ya wuce garkuwa. Ana yawan ɗora laifin a kan baƙin masu ɗaukar hoto da ke neman abin da zai girgiza mutanensu. Akwai gaskiya a cikin zargin, sai dai a ganina babban dalilin ya fi haka sauƙi, kuma gyaransa yana hannunmu. Matsalar ta haske ce.

A gidajen dambe irin na Ado Bayero Square a Kano ko na Dei-Dei a Abuja, wasan yamma yakan fara ne bayan la'asar, kuma yara da ƙananan 'yan dambe ake fara sakawa. Kafin manya su shigo fage, rana ta yi ƙasa. Naushi kuwa ba ya jira. Domin kyamara ta tsayar da hannun da ke tafe da ƙarfi, sai ƙofarta ta buɗe ta rufe cikin kusan kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa, kuma a ɗan wannan lokaci haske kaɗan ne ke shiga. Idan mai hoto ya rage saurin, hannun ya zama hazo. Idan ya ɗaga ISO don kyamarar ta ƙara jin haske, hoton ya cika da tsaki-tsaki. Ga ƙurar da ƙafafu ke tayarwa, wadda ke ruɗa kyamara wajen saita ido, balle a lokacin hunturu. Filasha kuma haɗari ce, domin walƙiya ɗaya a idon ɗan dambe tana iya jawo masa kisa.

To, me mai hoto zai yi? Sai ya koma ga abin da ba ya motsi. Ya jira a raba turmi, ya ɗauki wanda aka kayar yana zaune, ya ɗauki jini. Da haka ne duhu ke zaɓar mana labarin da duniya za ta ji game da dambe.

Tarihin damben zamani ya nuna cewa hoto mai kyau tanadinsa ake yi. A ranar 25 ga Mayun 1965, a garin Lewiston na jihar Maine a Amurka, Neil Leifer, yana ɗan shekara 22, ya ɗauki hoton Muhammad Ali tsaye a kan Sonny Liston. Wasan bai wuce turmin farko ba, amma fitilun Leifer suna rataye a saman fagen tun kafin a fara. Akwai sa'a a ciki, gaskiya ne: abokin aikinsa Herb Scharfman yana ɗaya ɓangaren, bayan Ali kawai ya samu, har ana hango shi ta tsakanin ƙafafun zakaran. Amma sa'ar ta tarar da mutum a shirye. A 1966, a Astrodome na birnin Houston, Leifer ya ɗaure kyamara can a sama, ya samo hoton Cleveland Williams kwance, Ali na komawa kusurwa. Sai da aka yi tanadi da wuri kafin hakan ya yiwu.

Abin da nake nema wa dambe ke nan, daidai ƙarfinmu. Fitilu masu ƙarfi a kusurwoyin fage, a ɗaga su sama yadda ba za su kashe wa kowa ido ba. Wuri keɓaɓɓe ga masu hoto a bakin da'ira, maimakon su riƙa turereniya da 'yan kallo. Idan fitila ta gagara, a matso da manyan wasanni gaba tun rana na da ƙarfi.

Na san abin da wasu za su ce: dambe na masu kallo ne da makaɗa, kuma da zarar an fara tsara shi don kyamara, armashinsa ya tafi. Tsoron yana da tushe, domin talabijin ta sauya lokuta da dokokin wasanni da yawa. Sai dai kyamara ta riga ta shiga fage. Kowane ɗan kallo yana riƙe da waya, tashoshin YouTube kuma suna kai damben Kudu da Arewa, Jamus da Guramaɗa, ga mutanen da ba su taɓa jin kalangu ba. Abin da ya rage mana shi ne zaɓin irin hoton da zai fita.

Mai hoton ma yana da nasa nauyin. Wanda bai san dambe ba, ko an ba shi hasken rana tsaka, zai makara. Sai ya koyi karanta ƙafa da kafaɗa, ya san bahago daga na dama, ya gane lokacin da kiɗa ya sauya ɗan wasa ya fara tsuma. Sannan ya tuna cewa wanda ya faɗi yana da suna, yana da gida, kuma gobe zai koma kasuwa. Hoton jininsa na iya kawo dubban masu kallo, shi kuma ko kwafi ɗaya ba a miƙa masa ba. Mafi ƙarancin haƙƙinsa shi ne a rubuta sunansa daidai, a kuma ba shi hotonsa na lokacin da yake tsaye.

Yawancinmu da kunne muka san Shago, ta bakin Ɗan Anace. Waƙa ta riƙe sunansa, amma ba za ta nuna wa yaro mai tasowa yadda yake ajiye ƙafa ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. 'Yan damben yau suna da damar barin abin gani, muddin masu gidajen dambe suka yarda cewa kuɗin fitila yana cikin kuɗin wasa.